Tsohon Injin Baba a Sabuwar Jif

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Baba ya riga mu tafiya.

Ranar jana'izarsa layinmu na Makera ya cika da mutanen da ban taɓa gani cikin fararen kaya ba: makanikan Kakuri, masu walda, masu faci, direbobin bas da na keke. Kowa ya wanke hannu iya wankewa, amma baƙin mai yana nan maƙale a ƙarƙashin farce. Musulminsu suka shiga sahu, Kiristocinsu suka tsaya gefe riƙe da huluna, da aka ɗauki makara kuma babu wanda ya juya, duk sai da suka raka shi maƙabarta. Wani tsoho mai walda, mutumin kudancin Kaduna, ya zauna a bakin kwata yana kuka kamar shi kaɗai aka yi wa mutuwar. Gwaggo, ƙanwar Baba, tana cikin gida tana tambayar mata wa zai ƙara yi mata faɗa a duniya. Yayanmu yake karɓar gaisuwa, ni ina gefensa ina amsawa da baki kawai.

Abin da ya hana ni sakat shi ne, duk makanikin da ya gama "ya haƙuri", sai ya waiga gindin darbejiyar ƙofar gida ya ce, "Ina jif ɗin Baba?"

Tana gidana a Barnawa, lulluɓe da tamfol, watanni ke nan. A kanta muka saɓa da Baba. Na je na ba shi haƙuri, bai ce mini uffan ba, sai makulli da ya ajiye a gabana. Har ya koma ga Allah ban ji "na yafe" daga bakinsa ba. Kowa a zaman makokin nan yana kukan rabuwa, ni kuma ina ta tambayar kaina ko da fushina Baba ya tafi.

Ranar sadakar uku Oga ya ja ni gefe. Oga muke ce masa duk gidanmu. Ibo ne, mai sayar da kayan mota a Kakuri, tun kafin a haife ni suke tare da Baba. Hausarsa tsaf take, sai in ransa ya ɓaci take karkacewa zuwa Turancin buroka.

Ya ce, "Ɗana, ba don ina son tayar maka da hankali ba. Me ya sa ka karɓe masa motar?"

Na ce, "Oga, ban karɓa ba. Shi ya mayar mini."

"To ko shi ya mayar, sai ka riƙe? Mutumin da ba ya ji, ka bar shi yana takawa a bakin titin Kakuri? Kullum sai ya tsallaka ya bi hannun da motoci ke fuskantarsa, don ko tirela ce ta danna ham a bayansa bai sani ba."

Na ce, "Wane ne ba ya ji?"

Oga ya saki hannuna ya ƙura mini ido. "Kai! You no know? Duk gidanku ba ku sani ba?"

Ba mu sani ba. Mu shida Baba ya haifa, wasunmu har da digiri muke taƙama, babu wanda ya san ubansa ya yi shekaru ba ya jin magana.

A masaƙa kunnen ya tafi. Kafin ya buɗe gareji, Baba mai gyaran injina ne a ɗakin saƙa, inda injina ke jere suna bugawa ba dare ba rana, ko ihu ka yi a kunnen na kusa da kai ba zai ji ba. Oga ya ce ma'aikatan ɗakin nan da ido suka koyi hira. Ka kalli bakin mutum, ka karanta abin da yake faɗa, har gulmar shugaban sashe suke yi daga wannan bango zuwa wancan. Da jin ya fara raguwa, sai Baba ya koma ga abin da ya iya. In dai yana ganin bakinka, to ba za ka taɓa ganewa ba. Ya ɓoye ne don makanike da kunne ake saninsa, wa zai kawo wa kurma inji? Kuma ya san halinmu: ranar da muka sani, ranar za mu ƙwace sifana da makullin mota mu zaunar da shi a tabarma. A nan kam bai yi mana ƙazafi ba, abin da za mu yi ke nan.

Daga ranar sai abubuwa suka riƙa dawo mini, kowanne da marinsa.

Mu dai tarbiyyar Inna da Gwaggo muka tashi da ita: in za ka yi wa babba magana ka durƙusa, ka sunkuyar da kai, ka sassauta murya. Baba kuwa da ka fara sai ya ce, "Ɗago, ba ƙasa ce ta haife ka ba." Mun ɗauka ɗabi'ar 'yan kamfani ce da ya kwaso a wurin Turawan masaƙa. Autarmu ta iya kwaikwayonsa har da yadda yake ɗage gira, mu yi ta dariya a bayan idonsa. Mu ɗago na ɗan lokaci don ya ce, kunya ta sake mayar da kanmu ƙasa.

Waya kuma ba ya shiri da ita. Ko me ka kira ka faɗa masa, amsar ɗaya ce: "Lafiya lau, Allah ya yi albarka, ga uwarka." Na taɓa kiransa na ce an kwantar da ni a asibiti, ya ce lafiya lau, Allah ya yi albarka. Na daɗe ina jin haushin wannan. Rediyonsa a ƙirji yake rungume ta, ya ƙure murya, Inna tana cewa maƙwabta ma sun huta da sayen batir. A gareji kuwa, in mai mota ya fara zuba bayani, Baba yakan ɗaga masa hannu ya ce, "Yi shiru, bari shi ya faɗa da kansa." Sai ya dafa inji da tafin hannu, ko ya kafa sukudireba a jikinsa ya jingina muƙamuƙi a kan mariƙin, ya lumshe ido. Muna cewa salon tsofaffin makanikai ne.

Tsohon injin da ya jawo rigimar daga a-kori-kurarsa ya fito. Lokacin da aka rufe masaƙa ya saye ta a gwanjo, mai shan dizal ce, in ta taso daga Kakuri mutanen Makera sun san Baba na hanya. Aikinta na farko shi ne kwashe kayan abokan aikinsa da aka sallama. Katifu, tukwane, keken ɗinki, ya kai wannan tasha, ya kai wancan har ƙauyensu, ko na mai bai karɓa ba. Bayan nan ta kai amare, ta kai masu naƙuda, ta kai gawa masallaci, ta kai gawa coci. Tsohon nan mai walda ya gaya mini a cikinta aka kai matarsa gida da ta rasu, Baba ne ya tuƙa, bai ce masa komai ba duk tsawon hanya, yana dai dafa masa gwiwa in hanya ta miƙe.

Ni kuwa kunyar motar nake ji tun ina sakandare. Ƙofa da igiya ake ɗaure ta, ta ƙasan kujera kana ganin kwalta tana wucewa. Da jikinta ya gama ruɓewa har ta daina tafiya, wallahi daɗi na ji. Baba ya ciro injin ya ɗora a kan tsofaffin tayoyi a kusurwar gareji, ya rufe da buhu. Lokaci-lokaci yakan buɗe ya juya shi da hannu, wai kada ya manta aikinsa.

Da Allah ya buɗa mini, sai na sayo masa jif. Tokumbo ce amma kamar sabuwa, mai shan fetur, giya da kanta take canzawa. Ba zan ce don Allah kaɗai na saya ba. Akwai ƙauna a ciki, akwai kuma son a ce ɗan wane ya yi wa ubansa abin arziki. Abin da na fi yabonta da shi ranar da na kawo ta shi ne shirunta. Na ce, "Baba, wannan ka tayar da ita ba ka san ta tashi ba." Ya zagaya ta yana shafawa, ya sa mini albarka har idonsa ya kawo ruwa. Ya shiga ya murɗa makulli, ta tashi. Ya ɗan jira, ya sake murɗawa, kik ɗin da ke tayar da inji ya yi wata ƙara mai tayar da tsikar jiki. Na yi dariya na ce, "Baba, ai ta tashi." Ina faɗa ne ina kallon allon gaban mota, ban dube shi ba.

Oga ne ya cika mini sauran labarin. Ya ce motar nan ta wahalar da tsoho. Sau biyu yana ƙona kik. Ya taɓa barin ta a kunne a ƙofar masallaci har aka idar da salla aka gama addu'a. A mahaɗar Kakuri ya taɓa zaton ta mutu, ya tsaya yana murɗe-murɗe, 'yan keke suna ta zaginsa bai sani ba. A-kori-kura in tana aiki, kujera tana gaya masa, sitiyari yana gaya masa, har a haƙoransa yake jin ta. Wannan kuwa luf. Rannan ya zo shagon Oga ya zauna ya ce, "Motar yaron nan ba ta magana da ni."

Su uku suka yi aikin, shi da Oga da mai walda, duk tsofaffi masu ciwon baya. Suka rataya sarƙa a reshen mangwaron gareji suka ciro injin fetur. Baba ya sa aka naɗe shi a leda tsaf, aka ɗora a kan tayoyin da tsohon ya sauka daga kai. Mazaunin injin bai dace ba, mai walda ya yanka ya ƙera wani. Giyabos ɗin a-kori-kura ya biyo injinsa, don haka sai da aka huda ƙasan jif aka fito da sandar giya, aka dasa kuloci inda babu. Aka sauke tanki aka wanke, aka sauya salansa. Wayoyin da suka rasa inda za su shiga aka tattara aka ɗaure da roba. Kada wani ya ce aikin ya yi kyau don mai shi ya rasu, bai yi ba. Na'urar sanyi ta mutu, duk fitilun allon gaba suka kama gaba ɗaya ba sa mutuwa, bonet ba ya rufuwa sai an hau kansa an danna. Amma Oga ya ce ranar da ta tashi, Baba ya riƙe sitiyari da hannu biyu yana dariya kamar an yi masa bushara da haihuwa.

Ni ban san ana wannan ba sai ranar sunan 'yata. An kafa rumfa a ƙofar gidana, shugabannin ofishinmu suna zaune a gaba, sai muka ji ƙara kamar injin niƙa ya ɓalle ya biyo layi. Ga jif ɗin da na gama ba su labarinta tana tahowa tana kakkarwa, baƙin hayaƙi na bin ta. Baba ya leƙo ta taga yana fara'a, ya sha babbar riga. Wani abokin aikina ya sunkuyo ya ce, "Ashe janareto ka saya wa tsoho?" Aka kwashe da dariya. Na yi yaƙe.

Washegari na same shi a gareji. Da na ga injin fetur a naɗe a kusurwa sai zuciya ta ɗebe ni. Ban durƙusa ba, ban sunkuya ba. Tunda nake ban taɓa tsayawa ido cikin ido da Baba ba sai ranar. Na ce, "Baba, kai ba a yi maka abin arziki. Ka lalata mota, ka mayar da ni abin dariya a gaban mutane. Da na sani da ban saya ba."

Yana kallon bakina tun daga farko har na dire. Sannan ya goge hannunsa da tsumma ya ce, "Na ji."

Ba a yi mako ba nadama ta kama ni. Na tafi Makera bayan la'asar, na same shi a tabarma a tsakar gida. A ganina laifin rashin kunya na yi, to da kunya zan wanke shi. Na cire takalmi tun daga zaure, na durƙusa nesa da shi, na dasa kaina a ƙasa, na yi magana a hankali yadda aka koya mana. Na daɗe ina faɗa. Na ce motarsa ce, ya sa mata injin jirgi ma in ya ga dama. Na ce sharrin zuciya ne, ya yafe mini don Allah. Hawaye har a kan siminti. Da na gama sai shiru. Ina jiran "ɗago" ɗin nan da ya saba, ban ji ba. Can sai na ga hannunsa ya ajiye makulli a gaban gwiwata.

Na ɗauka cewa yake, ga tsiyarka nan. Na ɗauki makullin na fita, na ja motar har Barnawa tana hayaƙi, na rufe ta. Bayan nan ban daina zuwa gaishe shi ranar Juma'a ba. Mu gaisa, ya sa albarka, ya tambayi jikarsa. Ni ina jiran ya tayar da maganar, shi bai tayar ba. A haka hawan jini ya kwantar da shi, kwanaki kaɗan a asibiti, shi ke nan.

Da na rabu da Oga ranar ukun, sai na shige ɗakin Inna. Tana zaune a ƙasa cikin takaba, carbi a hannu. Na jira matan da ke wurin suka fita.

Na ce, "Inna, kin sani?"

Ba ta tambaye ni me ba. Ta ce, "Rantsar da ni ya yi. Ni nake maimaita masa maganarku in kun tafi, in zauna a gabansa in faɗa yana kallona."

"To ranar da na zo ba shi haƙuri, me ya ce bayan na fita?"

Inna ta tsayar da carbin. "Haƙuri ka zo bayarwa?"

"Me kika zata?"

"Ina bayan gida ina kwashe shanya ranar, ban ji komai ba. Da na fito ya tambaye ni me ka ce, na ce ban sani ba. Ya ce ya ga ka durƙusa ka daɗe, ya san abu mai nauyi ka zo roƙo, kuma babu abin da ke tsakaninku sai motar. Ya ce tunda kana jin nauyin faɗa, gara ya sauƙaƙa maka. Ni ma da na ga ka tafi da ita, ai na ce haka ne."

Na ce, "Me ya hana shi ya ce in ɗago? Kullum yana faɗa, Inna. Kullum."

Ta ce, "Na tambaye shi. Ya ce abin da ya gani a bakinka a gareji ya ishe shi. Tsoro ya ji kada ya sake gani."

Na zauna a ƙasa kusa da ita. Ashe duk shekarun nan na ƙarshe, maganata ɗaya ce Baba ya samu cikakkiya daga bakina ba tare da tafinta ba, ita ce ta gareji. Ladabin da na yi, siminti na yi wa.

Na ce, "Ya yafe mini kuwa?"

Inna ta ce, "Yafiyar me? Shi ai bai taɓa ganin kai ne mai laifi ba. A asibiti ya ba ni saƙo, ina jiran mutane su ragu ne in faɗa maka. Ya ce in ce maka injinka yana nan bai taɓa ko ƙusa ɗaya ba, Oga zai mayar maka. Ya ce yaro ya yi masa alheri shi kuma ya kunyata shi a gaban manyansa. Ya ce in roƙe ka ka yafe masa."

Na shiga ɗakin nan da tsoron Baba ya tafi yana fushi da ni. Da fushin ne, ina jin da ya fi mini sauƙin ɗauka.

Da aka zo maganar gado, Yaya ya ce a mayar da injin fetur don motar ta yi daraja. Bai faɗi ƙarya ba. Na roƙi a bar ta yadda take, a sa ta a rabona, aka yarda. Oga ya zo Barnawa da batir a bayan keke, muka yaye tamfol. Ta daɗe a tsaye, iska ta shiga layin mai, sai da ya kwance nozul yana fitarwa ina murɗa makulli. Ta yi tari, ta yi tari, sannan ta kama. Fitilun nan duk suka kunnu. Na riƙe sitiyari da hannu biyu, kakkarwar ta bi hannuna ta hau kafaɗa har cikin haƙorana. Oga yana yi mini magana ta taga ban ji ba, sai da na kalli bakinsa na gane cewa yake in taka a hankali.

Makera na nufa. Ban kai ga kashe ta a gindin darbejiya ba sai ga Inna a bakin zaure, ba takalmi, mayafi a karkace. Tun daga kwanar layi ta ji ƙarar, jikinta ya tashe ta kafin hankalinta ya tuna mata. Da ta ga ni ne a ciki sai ta dafa bango. Na kai hannu da sauri zan murɗe makulli in kashe injin.

Ta ce, "A'a. Bar shi ya ɗan yi."

Na bar shi. Allah ya jiƙan Baba, ya haskaka makwancinsa, ya isar masa da abin da na faɗa wa ƙasa ranar nan, tunda Shi ya ji.